Alobera da warkar da rauni: Sanin iyakar magani shi ma magani ne

Daga ɗaukewar ruwan sama zuwa ƙarshen hunturu, lokaci ne da raunuka ke yi wa gidajen manoma sallama ba tare da gayyata ba. Lauje ya zame ya yanki yatsa wajen yankan shinkafa, adda ta kuɓuce wajen saran kara, ƙafar fasinja ta taɓa salansar babur, yaro ya yi tuntuɓe ya faɗa garwashin da aka hura don jin ɗumi, ko tukunyar kunu ta kife a cinyar mai rarrafe. A gari irin Kasuwan Garba, da ke Ƙaramar Hukumar Mariga a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, abin da ake yi wa irin waɗannan raunuka a sa'ar farko galibi a tsakar gida ake yin sa, da abin da hannu ya kai gare shi. Wannan sa'a ta farko kuwa ita ke yanke hukunci a kan ko raunin zai kame cikin mako guda, ko ya rikiɗe ya zama gyambon da zai cinye kuɗin amfanin gonar shekara.

A 'yan shekarun nan, cikin abubuwan da hannu ke kai wa an samu ƙarin baƙo, wato tsiron nan mai kaurin ganye da ƙayoyi a gefe da ake kira aloe vera, wanda bakin Bahaushe ya mayar alobera. Ana dasa shi a tsohon bokiti ko fasasshiyar randa, ana sayar da mansa a kwalba da roba, ana kuma yayata shi a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp a matsayin maganin da ba ya barin ciwo. Ra'ayoyi biyu ke cin karo a kansa. Masu talla na cewa yana warkar da kowane irin rauni. Wasu ma'aikatan lafiya kuma, saboda irin ɓarnar da suke gani ana kawo musu bayan an gama jiƙe-jiƙe da shafe-shafe a gida, suna cewa a raba rauni da duk wani ganye. Dukan ɓangarorin biyu sun bar mai rauni a tsaka mai wuya. Alobera yana da amfani na gaskiya, amma amfanin ɗan ƙarami ne mai iyaka, kuma abin da mutanen karkara suka fi buƙata shi ne a nuna musu inda iyakar take.

Ba yau ɗan Adam ya fara shafa wannan ganye a fata ba. Sunansa ya zo a cikin wani kundin magungunan Misirawan dauri da aka rubuta kimanin shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, likitocin Girka sun yi bayaninsa a ƙarni na farko, Larabawa kuma, waɗanda masana ke ganin daga yankinsu tsiron ya samo asali, sun daɗe da sanin sa da sunan sabir. Ƙasar Hausa ma tana da nata danginsa na daji, waɗanda ake kira kabar giwa, ko zabuwa saboda ɗige-ɗigen da ke jikin ganyen. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a sassan Arewa har da ƙasar Kontagora a farkon ƙarnin da ya gabata, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma irin waɗannan sunaye suna ciki. A likitancin zamani kuwa, hankali ya koma kansa ne tun daga 1935, lokacin da wasu likitoci biyu a Amurka suka ba da rahoton yadda ɗanyen ganyen ya taimaka wa wata mata da hasken na'urar asibiti ya ƙona wa fata.

Daɗewar magani a hannun jama'a dalili ne na a girmama shi a bincika shi, amma ba ta isa hujjar cewa yana aiki a kowane wuri ba. Idan aka fere ganyen alobera, abu biyu ake samu. Akwai tsokar ciki mai yauƙi, fara garai-garai, wadda kimanin kashi 99 cikin 100 nata ruwa ne, ragowar kuma sinadarai ne irin na sukari mai sarƙa da ke riƙe danshi, da wasu da ke rage kumburi da raɗaɗi. Akwai kuma wani ruwa mai launin ɗorawa, mai tsananin ɗaci, da ke kwance tsakanin ɓawo da tsokar. Na farkon shi ake so a rauni. Na biyun yana iya sa fata ƙaiƙayi da ja, idan kuma aka sha shi yana haddasa murɗar ciki da gudawa. Wanda ya ɓalli ganye ya matse shi kai-tsaye a kan miki ya haɗa biyun ke nan, mai amfani da mai cutarwa.

Yadda yauƙin ke taimakawa ba wani abin al'ajabi ba ne. Tun a 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari iska ta busar da shi ya yi ɓawo. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba ji a gidaje, cewa a bar ciwo ya sha iska. Ƙwayoyin sabuwar fata suna rarrafowa ne daga gefen rauni zuwa tsakiya, kuma sun fi samun hanya a wuri mai laima. Babban aikin alobera ke nan: ya sanyaya wurin, ya riƙe masa danshi, ya rage zogi. Aiki ne mai kyau, sai dai aiki ne da ake yi a saman fata. Ba ya ɗinke tsokar da ta rabu, ba ya tsayar da jinin jijiya, ba ya bin ƙwayar cuta zuwa cikin nama.

Abin da binciken likitoci ya gano ya yi daidai da wannan bayani. A 2007 wasu masana a ƙasar Tailan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje huɗu da aka yi a kan mutum 371 masu ƙuna mara zurfi, suka ga waɗanda aka yi wa amfani da alobera sun riga sauran warkewa da kusan kwana tara. A 2009 wani gwaji a Iran a kan mutum 30 ya kwatanta man alobera da farin man ƙuna na asibiti mai sinadarin azurfa, inda wuraren da aka shafa wa alobera suka warke cikin kimanin kwana 16, sauran kuma kimanin kwana 19. Waɗannan su ne alƙaluman da masu talla ke so, kuma gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne, gwaje-gwajen ƙanana ne, an yi su a asibiti a kan raunukan da aka wanke aka kuma sa wa ido, sannan shi kansa man azurfar an gano yana ɗan jinkirta tohowar fata, don haka tsere masa ba wata babbar bajinta ba ce.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika jin sa a bakin masu lasifika ba. A 1991 likitoci a Amurka sun bi diddigin mata 21 da ɗinkinsu ya samu matsala bayan tiyatar haihuwa ko wata tiyatar ciki, har ya zama sai an bar raunin a buɗe ya ciko daga ƙasa. Waɗanda aka yi wa wanki da ɗauri irin na yau da kullum sun warke cikin kwana 53 a matsakaici. Waɗanda aka ƙara wa man alobera sai da suka kwashe kwana 83. Wata guda cur aka ƙara musu na jinya. A 2012 kuma cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace sakamakon binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje bakwai da suka ƙunshi mutum 347, ta kammala da cewa babu ingantacciyar hujjar da za a dogara da ita a ce alobera maganin sababbin raunuka ne ko tsofaffin gyambuna. Idan aka haɗa duka, hoton a fili yake: a ƙaramar ƙuna ta saman fata da ƙujewa yana iya taimakawa, a rauni mai zurfi kuwa yana iya mayar da hannun agogo baya.

Ko a ƙaramar ƙunar ma, alobera ba shi ne na farko ba. Na farko ruwa ne. Fatar da ta ƙone tana ci gaba da dahuwa daga ciki ko bayan an raba ta da wuta, kamar yadda dankali ke ci gaba da nuna bayan an tono shi daga toka. Abin da ke tsayar da wannan dahuwa shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, na randa ko na rijiya ko na burtsatse, har tsawon minti 20, kuma yin hakan yana da amfani ko da an makara, matuƙar ba a wuce sa'a uku ba. Inda babu famfo, buta da kwano sun wadatar. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizgi tufafin da ya manne, kada a sa ƙanƙara, kada a fasa bororo. Idan yaro ne a lokacin sanyi, a sanyaya wurin ƙunar kaɗai, a lulluɓe sauran jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma babu wani taimakon gaggawa da ya kai wannan ruwa araha.

Abin takaici shi ne yadda ake tsallake ruwan a tafi neman abin shafawa. Makilin, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, toka, baƙin man inji, garin kafso, wani lokaci har da kashin shanu, duk an san ana ɗora su a kan ƙuna da yanka. Wasu suna kulle zafi a cikin nama, wasu suna kai ƙwayoyin cuta, dukansu kuma suna wahalar da ma'aikacin asibitin da dole sai ya kankare su kafin ya ga girman raunin. Idan aka auna da waɗannan, tsabtataccen yauƙin alobera ci gaba ne babba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa hana shi baki ɗaya ba dabara ba ce. Uwar da aka ce kada ta shafa komai, alhali ɗanta na tsala ihu, za ta shafa wani abu ko ta halin ƙaƙa. Gara a gaya mata abin da za ta shafa, da lokacin da za ta shafa, da irin raunin da ba a shafa wa komai.

Ga ƙaramar ƙuna da ba ta kai faɗin tafin hannun mai ita ba, wadda ta yi ja kawai ko ta yi ɗan bororon da bai fashe ba, ko ƙujewar da ba ta shiga nama ba, hanyar mai sauƙi ce. Bayan an gama da ruwa, a wanke hannu da sabulu, a yanko ganye mai kauri daga gindin tsiron da ya girma, a wanke shi, a jingine shi tsaye na kamar minti 15 har ruwan ɗorawar nan ya tsiyaye. A yanke ƙayoyin gefe da wuƙa mai tsabta, a fere ɓawon, a ɗauraye tsokar, a fara gwada kaɗan a cikin damtse don a ga ko jiki zai karɓa. Idan babu ƙaiƙayi, a shafa siriri sau biyu ko uku a rana, a rufe da bandeji ko tsumma mai tsabta da aka dafa aka shanya. Kowane shafi da sabon yanki, domin yauƙin da ya kwana a zafi ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Da zarar an ga ja yana faɗaɗa, ko kumburi, ko mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, zancen ganye ya ƙare, sai asibiti.

Raunukan da ba a tsayawa neman ganye a kansu sun fi waɗancan muhimmanci a sani. Na farko, duk ƙunar da ta wuce faɗin tafin hannu, ko ta shafi fuska, hannu, tafin ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari fat ko baƙi kamar ƙirgi. Ƙunar da ba ta zafi ita ce mafi muni, domin alama ce wuta ta cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Haka ƙunar lantarki da ta fetur. Jihar Neja ba ta manta da ranar 18 ga Janairun 2025 ba, lokacin da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko da ke Ƙaramar Hukumar Gurara, mutum fiye da 80 suka rasu, wasu da dama suka ƙone. Mai irin wannan ƙuna ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa, abin da zai cece shi ƙarin ruwa ne ta jijiya cikin gaggawa, kuma duk kadadar alobera ba za ta maye gurbin leda ɗaya ta ruwan ba.

Na biyu, rauni mai zurfi ko mai datti: saran adda, sukar ƙusa, tsinin kara a tafin ƙafa, harbin bindiga. Haɗarin da ke nan shi ne tsinkau-tsinkau, cutar da wasu ke kira sarƙe-haƙora. Ƙwayarta tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma son rami mai zurfi da iska ba ta shiga. A ƙasar noma da kiwo irin ta Mariga, wadda kasuwar shanunta ta yi suna a Arewa, babu gonar da za a ce babu ita. Cutar kan ɗauki kwana uku zuwa 21 kafin ta bayyana, wato sau da yawa bakin raunin ya riga ya rufe, an yi ta yabon maganin da aka shafa, sannan muƙamuƙi ya ƙage, wuya ya sandare. Abin da ke kare mutum shi ne wanke raunin sosai da allurar rigakafi, ita ce kuma tambayar farko da ya kamata a yi wa duk wanda ƙarfe ya sara.

Na uku, cizon kare. Umarnin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya neman allurar haukan kare. Cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun fito babu makawa. Na huɗu, saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Babu ganyen da aka tabbatar yana karya wannan dafi, allurar kashe dafi ce kaɗai, irin wadda ta sa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna. Na biyar, mikin ƙafar mai ciwon suga da gyambon mai sikila. Mai ciwon suga kan rasa jin zafi a ƙafa, jini kuma ba ya isa wurin yadda ya kamata, sai miki ya yi ta ci a ɓoye. Makonni biyu na shafe-shafe a gida na iya zama bambanci tsakanin wanki da yanke ƙafa. A nan ne ake zuwa gyaran gira a rasa ido.

Na shida, kuma mafi taushi, cibiyar jariri da ɗinkin mai jego. Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa jinin jariri. Najeriya ta riga ta amince da man kulohekzidin don wannan aiki, Jihar Sakkwato na cikin waɗanda suka fara raba shi tun 2013, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da tsarin yaɗa shi a faɗin ƙasa a 2016. Duk wani abu da ba shi ba, ko alobera ne ko makilin ko toka, bai kamata ya kusanci cibiya ba. Ɗinkin tiyatar haihuwa kuwa, darasin matan nan 21 ya isa gargaɗi.

Shan alobera wani babi ne daban da ya kamata a ja masa layi, domin masu talla kan ce a sha don ya warkar da rauni daga ciki. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da magungunan wankin ciki da ake yi da ruwan ɗacin alobera, saboda ba a kawo mata hujjar cewa ba sa cutarwa ba. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya ruwan da aka tatsa daga ɗaukacin ganyen, ɓawo da ɗaci duka, a jerin abubuwan da ka iya haddasa cutar, bisa abin da aka gani a gwajin ɓeraye. Mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro da mai ciwon ƙoda ba su da dalilin kusantar sa.

Za a iya cewa duk wannan zance ne na mutanen birni, waɗanda asibiti ke bayan gidansu. Ƙorafin yana da tushe. Neja ita ce jiha mafi faɗin ƙasa a Najeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000 da ƙananan hukumomi 25. Yankin Mariga, da ke kusa da dazukan Zamfara da na Birnin Gwari, ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, har ta kai tafiyar dare zuwa Babban Asibitin Kontagora shawara ce da magidanci zai auna sau biyu. Ga kuɗin babur, ga na kati, ga na magani. Wanda ya ga tsiro a bayan ɗakinsa kyauta, ba wauta ce ta sa ya fara da shi ba. Sai dai wannan hali shi ne ma ya ƙara wa sanin iyakar nauyi. Wanda tafiya asibiti ke yi wa tsada shi ya fi kowa buƙatar ya san raunin da zai iya riƙewa a gida, don kada ya yi asarar kuɗinsa a banza, da wanda dole ya fita da shi da sassafe, tun ana iya gyara shi da ɗinki huɗu da allura ɗaya. Jinkiri ne ke mayar da ciwon dubu biyu ya koma na dubu ɗari biyu.

Nauyin farko yana kan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti mai aiki. Ma'aunin aikin a wuri irin Kasuwan Garba ba fenti da allon suna ba ne. Ma'aunin shi ne a tarar da ma'aikaci, da ruwa mai tsabta, da bandeji, da zaren ɗinki, da allurar tsinkau-tsinkau a cikin firji mai aiki da hasken rana, da kuma sanin inda za a tura wanda kare ya ciza ko maciji ya sara. Idan aka zo sau biyu aka tarar da ƙofa a rufe, a karo na uku wurin mai ganye za a nufa, kuma babu wanda zai ga laifin mai zuwa.

Nauyi na biyu yana kan waɗanda jama'a ke fara zuwa wurinsu: masu kemis, wanzamai, maɗora, ungozomomi da masu maganin gargajiya. Su ne asibitin farko a aikace, ko hukuma ta yarda ko ba ta yarda ba. Horo na yini guda da Hausa, a kan minti 20 na ruwa da raunuka shida da ba a riƙewa, zai iya ceton ƙafafu da rayukan da babu wanda zai ƙirga. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buɗe sashen kula da magungunan gargajiya tun 2018, ana kuma bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. Ya kamata amfanin waɗannan ya wuce ɗakunan taro na Abuja ya iso rumfunan kasuwa. Hakimai da dagatai da limamai, waɗanda suka taka rawa wajen karɓar rigakafin shan inna, za su iya isar da wannan saƙo a ranar kasuwa da bayan sallar Juma'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Nauyi na uku na hukumar NAFDAC ne. Mutane da yawa suna ɗaukar lambarta a jikin kwalba a matsayin shaidar cewa magani yana warkarwa. Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nuna an duba cewa abin ba ya cutarwa ne kawai, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wannan rubutu da Turanci yake, da ƙananan haruffa, alhali tallar da Hausa ake yin ta, da babbar murya. Adalci shi ne gargaɗin ya zo da harshen da tallar ta zo da shi. Mai saye kuma ya sani cewa yawancin man alobera na kanti kayan kwalliya ne, wasu da turare da launi da sinadarin barasa a ciki, waɗanda ba a yi su don buɗaɗɗen rauni ba.

Nauyi na huɗu na masana ne. Duk gwaje-gwajen da aka ambata a kan aloe vera aka yi su, ba a kan kabar giwar da ke fitowa a dazukan Arewa ba, kuma kamannin ganye ba ya nufin ɗaya suke a aiki. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, wadda ta samar da maganin sikila na Niprisan daga tsirran gida, ta nuna cewa ana iya ɗaukar ilimin gargajiya a auna shi da ma'aunin kimiyya. Sassan nazarin magungunan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato suna da ƙwarewar yin haka. Gwaji mai tsari a kan ƙananan ƙuna, a asibitocin Arewa, da tsiron da aka noma a Arewa, zai ba ma'aikacin lafiya na karkara amsar da zai bayar da gaba gaɗi.

Kafin a kai ga wannan, abin da aka riga aka sani ya isa a yi aiki da shi. Tsiron alobera ya cancanci gurbinsa a tsakar gida, kusa da randa, amma randar ce gaba. A fara da ruwa, a duba girman rauni da zurfinsa da abin da ya jawo shi, sannan a yanke shawarar ko na ganye ne ko na asibiti. Mai maganin da ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina, a kai shi gaba, bai rage wa kansa daraja ba, kuma gidan da ya koyi bambance ƙujewa da saran adda ya mallaki abin da ya fi kowace kwalba amfani.